Matakan da Gadar Mazaɓata Ta Bi Daga Ƙuduri Zuwa Siminti

Na wakilci wata mazaɓar karkara a Majalisar Dokokin jiharmu daga watan Yunin 2019 zuwa watan Yunin 2023, kuma aikin da ya cinye mafi yawan ƙarfina a wannan zango shi ne neman a gina gada guda ɗaya a kan rafin da ya raba mazaɓar gida biyu. Ina so in zayyana matakan da wannan aiki ya bi, domin na lura cewa akasarin masu zaɓe, har da wasu daga cikin masu neman kujerar, suna ɗauka cewa ɗan majalisa yana da wata taska da yake buɗewa ya ɗebo aiki ya kai inda ya ga dama. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 bai ba shi wannan iko ba. Ɗan majalisar jiha ba ya ba da kwangila, ba ya sa hannu a takardar biyan ɗan kwangila, kuma ba shi da injiniya ko katafila a ƙarƙashinsa. Abin da yake da shi shi ne ƙuri'a ɗaya a zauren majalisa, da kujera a kwamiti, da ikon kiran jami'in gwamnati ya zo ya amsa tambaya, kuma da waɗannan na nemi gadar.

Da rani rafin ba komai ba ne illa shimfiɗar yashi wadda amalanke da babura ke ratsawa ba tare da kowa ya sauka ba. Amma daga tsakiyar watan Yuli zuwa ƙarshen Satumba, idan marka ta kankama, ruwa kan cika shi maƙil, sai ƙauyukan ƙetare su yanke daga hedikwatar ƙaramar hukuma, inda babban asibiti da sakandare da kasuwar mako suke. Kafin in shiga siyasa malamin gona ne ni, kuma a wannan ƙetaren aka tura ni aiki, saboda haka na san yadda ƙarti huɗu ke saɓa babur a kafaɗa su ratsa da shi ruwa iya ƙirji, na kuma san yadda ake ɗora mai naƙuda a kan gadon kara a bi da ita ta wannan hanya idan haihuwa ta zo da gardama. Asarar da ba a cika magana a kanta ba ita ce ta noma. Takin zamanin da bai ƙetara ba kafin ruwa ya cika, to, ya makara sai baɗi, dillalin da ya san manomi ba shi da hanyar kai hatsinsa kasuwa kuwa shi ne yake yanka farashi yadda ya so.

Shiga takarar ba ta da wahala a takarda. Sashe na 106 na tsarin mulkin yana buƙatar mutum ya zama ɗan ƙasa, mai ilimi aƙalla matakin sakandare, wanda wata jam'iyya ta tsayar, kuma ya kai shekara 25, bayan gyaran da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Mayun 2018 wanda ya sauko da ita daga 30. Sashe na 107 ya wajabta wa ma'aikacin gwamnati ya ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin zaɓe, amma ni na ajiye tun kafin zaɓen fidda gwani. A zagayen neman goyon baya, dagacin babban ƙauyen ƙetare, wanda sa'an mahaifina ne, ya zaunar da ni a zaurensa ya ce, "Malam, ba shinkafa ko atamfa muke nema a wurinka ba. Duk wanda ya zo kafin kai ya tsaya a bakin rafin nan ya yi alkawari, kai kuwa ka sha ruwansa, ka san shi." Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ba zan rantse cewa zan gina ba, domin ba ni ne mai ginawa ba, amma zan bi maganar iyakar ƙarfina, kuma duk inda ta tsaya zan dawo in faɗa muku." An yi zaɓen ranar 9 ga Maris, 2019, bayan an ɗage shi da mako guda, kuma akwatunan ƙetare ne suka ba ni rinjaye.

Bayan Hukumar INEC ta ba mu takardar shaidar cin zaɓe, mun cike fom ɗin bayyana kadarori na Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, gwamna ya aiko da shelar buɗe majalisa, Akawun Majalisa ya karanta ta, muka zaɓi Kakaki da mataimakinsa, aka rantsar da mu. Majalisar jiha ƙaramin gida ce, domin sashe na 91 ya ce mambobinta ba za su gaza 24 ba kuma ba za su wuce 40 ba, shi ya sa Kano mai ƙananan hukumomi 44 take da kujeru 40, Zamfara kuma take da 24. A gida irin wannan kowa ya san kowa, kuma rabon kwamitoci da ake yi a makonnin farko shi ne yake fayyace wanda za a saurara a shekaru huɗu masu zuwa. Na roƙi Kakaki ya sa ni a kwamitin ayyuka ko da a matsayin mamba ne kawai, ya kuwa sa ni, tare da kwamitin noma saboda aikina na baya.

Matakin farko da al'adar majalisa ta tanada shi ne gabatar da ƙuduri. Na rubuta shi, aka sa shi a jadawalin zama, na tashi na gabatar da shi da Hausa, tunda sashe na 97 ya yarda majalisar jiha ta yi amfani da harshen jama'arta baya ga Turanci idan ta amince da hakan. Wani abokin aiki ya mara mini baya, babu wanda ya yi suka, domin ba a samun mai adawa da gadar karkara a bainar jama'a, Kakaki ya buga guduma, da yamma kuma gidan rediyo ya ba da labari. Washegari mutanen ƙetare suka fara aiko mini da barka. Dole na koma na bayyana musu cewa ƙuduri kira ne ga ɓangaren zartarwa, ba doka ba ne, kuma ba ya tilasta wa kowa kashe ko sisin kwabo. Akawu zai rubuta wa Sakataren Gwamnatin Jiha, shi kuma ya miƙa wa ma'aikata, ma'aikata ta sa a fayil. Amfaninsa na gaskiya shi ne ya zama shaida a rubuce mai ɗauke da kwanan wata cewa majalisa gaba ɗayanta ta amince akwai buƙata, kuma daga ranar duk wasiƙar da na rubuta a kan gadar da wannan ƙuduri nake buɗe ta.

Wanda ya nuna mini ainihin ƙofar shi ne sakataren kwamitinmu na ayyuka, wani dattijon ma'aikacin majalisa da ya ga wucewar zango da yawa. Ya ce mini, "Onarabul, kasafin da Mai Girma Gwamna zai kawo muku a ƙarshen shekara ba a ƙarshen shekara ake rubuta shi ba." Tun tsakiyar shekara ma'aikatar kasafi da tsare-tsare take aika wa kowace ma'aikata takardar neman ƙiyasinta, tare da iyakar kuɗin da ba za ta wuce ba. A cikin wannan iyaka ma'aikatar ayyuka takan fara da ayyukan da ake kan yi da basussukan 'yan kwangila, sannan alkawuran da gwamna ya yi da bakinsa, abin da ya rage kuma shi ne rabon sababbin ayyuka, su ma sai waɗanda suke da zane da ƙiyasin kuɗi a hannu. Aikin da ba shi da zane ba ya shiga jerin, komai yawan masu kuka a kansa. Gadarmu ba ta da zane, kuma a lokacin da muke wannan magana ma'aikatu sun riga sun miƙa ƙiyasinsu na 2020.

Abin da ya rage shi ne a cusa ta a matakin kwamiti. Majalisa tana da ikon gyara kasafi, domin sashe na 120 ya hana a cire kuɗi daga asusun jiha ba tare da amincewarta ba, amma duk nairar da aka ƙara wa wani aiki sai dai a zaftare ta daga wani, ko kuma a kumbura jimlar kasafin, wanda zai iya sa gwamna ya ƙi sa hannu. Sashe na 100 ya ba shi kwana 30, kuma idan ya ƙi, kashi biyu cikin uku na mambobi suna iya zartar da dokar ba tare da shi ba. A aikace wannan ba abu ne da ake yi a kan gada ɗaya ba, musamman a majalisar da akasarin mambobinta 'yan jam'iyyar gwamna ne, kuma a lokacin kuɗin gudanar da ita ta hannun ɓangaren zartarwa yake fitowa. Saboda haka sulhu muka yi da shugaban kwamitin kasafi, ya amince a sa ɗan ƙaramin kaso da sunan nazari da zanen gadar, na kuwa karɓa hannu bibbiyu, domin na riga na fahimci cewa zanen shi ne mabuɗin sauran.

Kasafi izini ne na kashe kuɗin da ake sa ran samu, ba kuɗi ba ne a ajiye, kuma shekarar 2020 ta nuna mana wannan ƙarara. Annobar korona ta durƙusar da kasuwar ɗanyen mai har ganga ta faɗi ƙasa da dala 20 a watan Afrilu, gwamnatin tarayya ta sauko da ma'aunin kasafinta daga dala 57 zuwa 28, kason wata-wata da jihohi ke samu daga asusun tarayya ya ragu, jihohi kuma suka yi wa kasafinsu kwaskwarima a tsakiyar shekara. Albashi da lafiya aka fifita, kamar yadda ya dace, sababbin ayyukan da ba a fara ba kuma aka share su, har da namu. Na kaɗa ƙuri'ar amincewa da wannan gyara, sannan na ƙetara rafin na faɗa wa dagaci da jama'arsa dalili, kamar yadda na yi alkawari.

A nan ya kamata in tsaya in faɗi yadda sauran rayuwar ɗan majalisar karkara take, domin ita ce take cin lokacin da ya kamata a ba irin wannan aiki. Sashe na 104 ya ce majalisa ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara, sashe na 109 kuma ya ce wanda ya yi fashin fiye da kashi ɗaya cikin uku na zaman shekara ba tare da uzuri ba zai iya rasa kujerarsa, don haka tsakiyar mako a babban birnin jiha nake yin ta. Ƙarshen mako kuwa na zaure ne. Tun bayan sallar asuba mutane suke jeruwa a ƙofar gida: wannan da takardar magani a naɗe cikin leda, wancan da kuɗin jarabawar ɗansa da ya gagara, wata da katin bikin marainiya, shugaban wata unguwa da ƙarfen famfon tuƙa-tuƙa da ya karye a hannunsa domin in gani da idona. Ban taɓa ganin laifinsu ba, domin babu wanda yake barin gonarsa ya yi sammako zuwa ƙofar wani don nishaɗi. Sai dai kusan duk abin da suke kawowa aikin ƙaramar hukuma ne, wato ƙaramin asibiti da firamare da rijiya da kwalbati, kuma a lokacin ƙaramar hukuma ta zama fanko, domin kasonta yana bi ta asusun haɗaka na jiha da ƙananan hukumomi da sashe na 162 ya kafa, abin da yake isa gare ta kuma da ƙyar yake wuce albashi. Idan kansila da ciyaman ba su da abin yi wa mutum, sai ya nufi wanda yake ganin ya fi kusa da gwamnati. Illar wannan a ganina babba ce, domin tana sa a auna wakili da faɗin aljihunsa maimakon aikinsa, tana kuma tura wakilin da albashinsa ya ƙare ya je yana neman alfarma a wurin waɗanda doka ta ɗora masa sa wa ido. Wanda ya karɓi alfarma a ofishin kwamishina ranar Litinin ba zai iya tsare shi da tambaya ranar Laraba ba.

Da kuɗin zane ya faɗi, sai na nemi wata hanya. Ma'aikatar ayyuka tana da injiniyoyinta da safiyo na cikin gida waɗanda ba sa buƙatar kwangila kafin su auna wuri, abin da suke rasa kawai shi ne mota da mai da umarnin shugabansu. Na nemi daraktan sashen ya ba da umarnin, na ɗauki nauyin sauran, na kuma dage cewa a watan Agusta za su je, lokacin da ruwan yake kan ganiyarsa, domin gani ya kori ji. Babban injiniyan ya tsaya a gaɓa yana kallon ana ƙetarar da buhunan gero a ka, sannan ya sa aka kira tsofaffin garin ya tambaye su iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa a tsawon rayuwarsu. Suka kai shi gindin wata tsamiya suka nuna masa tabon da ambaliya ta bari a jikinta, ya sa aka ɗora ma'auni a wurin. Daga nan ya tabbatar cewa jerin kwalbatoci, wanda shi ne mai araha, ba zai yi ba, gada sosai ake buƙata mai ginshiƙai. Da rani suka dawo suka haƙa ƙasa don gwajin tushe, suka fitar da zane da ƙiyasi.

A gefe guda na tara hujjoji. Hakimi ya rattaba hannu a takardar koke tare da dagatai da limamai da shugabar ƙungiyar mata, jami'in ƙaramin asibitin ƙetare ya ciro daga rajistarsa adadin matan da aka so turawa babban asibiti da damina aka rasa hanya, ni kuma na kawo abin da na sani na yawan hatsi da gyaɗar da yankin ke fitarwa. Abu mafi amfani da na yi shi ne zama da ɗan majalisar mazaɓar da ke maƙwabtaka da tawa, wanda ba ɗan jam'iyyarmu ba ne, na nuna masa a taswira cewa gadar za ta rage wa mutanensa zagaye mai nisa zuwa kasuwa. Daga ranar ta tashi daga buƙatar mutum ɗaya ta zama ta mazaɓu biyu, kuma a wannan karon ta shiga ƙiyasin ma'aikata tun daga tushe.

A zaman kare kasafin 2021, kwamishinan ayyuka da babban sakataren ma'aikatarsa suka zauna a gaban kwamitinmu da tulin takardu. Na ga gadar a jerin, amma kuɗin da aka sa mata bai kai ko rabin ƙiyasin injiniyoyinsu ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ma'aikatarku ce ta yi wannan ƙiyasi, to, da wannan kaso wane ɓangare na gadar za a gina?" Babban sakatare ya amsa da gaskiya cewa iyakar da aka yanka musu ce ta matse su, kuma niyyarsu ita ce a fara, a ƙarasa a kasafin gaba. Na nemi a rubuta a rahoton kwamiti cewa aikin na shekara biyu ne, kuma kason farko zai isa a kafa tushe da ginshiƙai gaba ɗaya kafin ruwa ya sauka, domin ginshiƙin da aka bari rabi a cikin rafi asara ce. Kwamiti ya ɗan ƙara kason daga wani aikin gyaran ofisoshi, zauren majalisa ya amince, gwamna ya sa hannu.

Tsakanin sa hannu da fara aiki akwai wata doguwar hanya da ba ta bi ta majalisa ko kaɗan. Ma'aikata za ta rubuta takardar neman izini, hukumar tantance kwangila ta duba farashi, a tallata, 'yan kwangila su nema, majalisar zartarwa ta amince da wanda ya yi nasara, ma'aikatar kuɗi ta ba da izinin sakin kuɗi, sannan Akanta Janar ya biya idan akwai abin biya a asusu. A kowane tebur fayil yana iya kwana, kuma aikina a watannin nan shi ne sanin teburin da yake da kuma dalilin tsayuwarsa. Ana cikin haka ƙungiyar ma'aikatan majalisun dokoki, wato PASAN, ta shiga yajin aiki a watan Maris na 2021 a kan 'yancin kuɗin majalisun jihohi, aka garƙame ƙofofi har zuwa watan Yuni. Na goyi bayan manufar, domin an sa wannan 'yanci a tsarin mulki tun 2018, Shugaban Ƙasa ya ba da umarni mai lamba 10 a 2020 don aiwatar da shi, jihohi kuma suka yi ta jan ƙafa. Amma rufe majalisar ya sa ba mu da kwamitin da zai kira kowa, kuma kafin a buɗe damina ta sauka. Aikin rafi daga Nuwamba zuwa Mayu kawai ake yin sa, saboda haka jinkirin wata uku a ofis shekara guda ce a bakin ruwa.

An ba da kwangilar a ƙarshen 2021, aka biya kuɗin somin-taɓi, ɗan kwangila ya kawo kayan aiki. Nan take batun diyya ya taso, domin hanyar da za ta hau gadar ta ratsa gonakin fadama. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ba ta biyan kuɗin ƙasar kanta, sai na amfanin da ke kanta da itatuwa da gini, kuma bayyana wa mutumin da ya gaji fadama daga kakansa cewa mangwaronsa za a biya ba gonarsa ba abu ne mai nauyi ƙwarai. Dagaci ne ya warware wannan, ya zauna da masu gonakin, ya musanya wa waɗanda asararsu ta fi yawa da wani fili daga gonar gari, da amincewar hakimi da ƙaramar hukuma. Ba don shi ba, da aikin ya tsaya a kotu.

Daga nan sai sa ido, wanda sashe na 128 da na 129 suka ba majalisa ikonsa. Na sa kwamitin ayyuka ya saka gadar a jerin wuraren da zai ziyarta, muka je da zanen a hannu tare da injiniyan ma'aikata. A ɗaya daga cikin ginshiƙan ya auna kaurin rodin da aka ɗaure, ya ga bai kai abin da zane ya ce ba, ya ba da umarni a rubuce a kwance a sake kafin a zuba kankare. Daga baya aiki ya yi sanyi, muka gayyaci ɗan kwangila da ma'aikata tare, sai ta bayyana cewa ya gama matakin da aka ba shi takardar shaida amma ba a biya shi ba. A irin wannan hali tsawa ga ɗan kwangila ba ta da amfani, ofishin biyan kuɗi ne wurin bi, can kuwa muka bi. An kammala ginshiƙan kafin ruwan 2022.

Daminar 2022 ta zo da ambaliyar da hukumomi suka ce ta kashe fiye da mutum 600 a faɗin ƙasa, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu. A wurinmu ginshiƙan sun tsaya, amma ruwa ya wuce tabon tsamiyar nan, ya kwashe cikon ƙasar da aka yi a gaɓa ɗaya. Injiniyoyi suka ce sai an ƙara tsawon bangon kariya an kuma jera duwatsu a gaɓar, wanda ya ƙara kuɗin aikin, ga kuma tashin farashin siminti da rodi, dole aka koma majalisar zartarwa neman amincewa da sabon farashi, aka sa cikon a kasafin 2023.

A lokacin ni na riga na san ba zan dawo ba. Mazaɓarmu gundumomi biyu ce, kuma akwai tsohuwar yarjejeniyar karɓa-karɓa a tsakaninsu, don haka a zaɓen fidda gwani na watan Mayun 2022, wanda aka yi a ƙarƙashin sabuwar Dokar Zaɓe ta 2022, dattawan jam'iyya suka tsayar da ɗan ɗaya gundumar ta hanyar maslaha, na kuma sa hannu a takardar janyewa kamar yadda dokar ta buƙata. Shekarar ƙarshe ta wakilin da ba shi da tikiti tana da wuya, domin ofisoshin da suke buɗe masa ƙofa da sauri sukan fara cewa ya dawo gobe. Abin da ya riƙe aikin a wannan lokaci shi ne rubuce-rubucen da aka tara tun farko, wato ƙuduri da rahoton kwamiti da matsayinsa na aikin da ake kan yi, tare da maƙwabcina da ya samu tikitinsa ya ci gaba da matsawa. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023, bayan sauya fasalin 200 da 500 da 1000, ya ƙara jinkiri, domin leburori da masu kawo yashi kuɗi a hannu suke karɓa, ƙauyen kuma ba banki. Duk da haka an zuba saman gadar kafin ruwa ya sauka, kuma a daminar 2023 motar ɗaukar marasa lafiya da akori-kura suka fara ƙetarawa, wanda ya gaje ni yana kan kujera.

Abubuwa biyu sun canza tun daga lokacin waɗanda suka shafi irin wannan aiki kai tsaye. A watan Maris na 2023 aka sanya hannu a gyaran tsarin mulkin da ya ƙara fayyace 'yancin kuɗin majalisun jihohi, bayan Kotun Ƙoli ta soke umarni mai lamba 10 a watan Fabrairun 2022, kuma majalisar da ba ta roƙon kuɗin man motar zagayenta daga ma'aikatar da za ta bincika ta fi ƙarfin yin tambaya. Sannan a ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta shugabancin riƙo a madadin zaɓaɓɓu. Idan aka aiwatar da wannan da gaske, rijiya da kwalbati da rufin aji za su koma hannun masu su, layin zaure zai ragu, wakili kuma zai samu lokacin karanta kasafi.

Kafin in bar ofis na miƙa wa magajina fayil ɗin gadar gaba ɗaya, na kuma zauna da shi na nuna masa abin da ya saura. Hanyar burji daga gadar zuwa ƙauyuka na can ciki ba a yi ta ba, kuma akwai wurare biyu masu laka da mota ke kafewa a watan Agusta, waɗanda injiniyoyi suka riga suka auna suka ce kwalbati za su ci. Akwai kuma duwatsun gaɓa da ake buƙatar dubawa bayan kowace damina, wanda ba shi da kaso a kasafin kowa. Na ba shi shawarar ya kai zanen hanyar ma'aikatar ayyuka kafin takardar neman ƙiyasi ta fito a tsakiyar shekara, kwalbatocin biyu da duba gaɓar kuma ya zauna da shugaban ƙaramar hukuma su sa su a kasafinta.